Kati Arba'in da Bakwai, Kai Arba'in da Shida

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce maka ya riga ni hango abin da yaran nan biyu za su zama, ka ce masa Hamad ya ce ƙarya yake yi. Ni ne na ratso Chadi da Sudan ina ɗan shekara tara, ƙafa ba takalmi. Ni ne na haye bahar a jirgin katakon da ya fi kwando yoyo. Sau biyu aka rushe mini ɗaki a unguwar Nakkasa, nan ƙasa mai tsarki, sau biyu na sake ɗaga wani. Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara talatin da huɗu ina loda motocin alhazai a Arfa, ban taɓa barin mutum ko ɗaya a fili ba. To mai irin wannan ido ne zai ba ka labarin, sai ka gyara zama.

Yunus ɗan ƙanwata Mairama ne. Muhannad kuma ɗan 'yar autarmu ne, wadda Allah ya ba ta miji mai jinsiyya, wato ɗan ƙasa, ko da yake kakansa daga Kano ya tako kamar kowa. Nono ɗaya iyayensu mata suka sha, takarda ce ta raba su. Muhannad ya tashi a Shisha, a gidan sama mai na'urar sanyi a kowane ɗaki. Yunus ya tashi a kan tudun Nakkasa, da igama a aljihu, takardar zaman da ake sabuntawa duk shekara. Yunus ya girme shi da shekara takwas, shi ya sa tun Muhannad yana rarrafe yake ce masa Yaya.

Yunus yana da shekara goma sha ɗaya ya kwance mini rediyona mai batir shida, ya baje hanjinta a kan tabarma. Na ɗauko bulala. Kafin in kai gare shi ya mayar da ita, ta kama tashar da rabona da ji tun ina saurayi. Na ajiye bulalar, na ce wa uwarsa, wannan yaron da ƙarfe zai ci abinci. Ta yi dariya. Wa ya yi gaskiya?

Daga nan aikinsa ya miƙe. Aikin hajji goma sha ɗaya ya yi a ƙarƙashina a Arfa, yana tsaye a bakin mota yana ƙirga kawuna. Da jawwal, wato wayar hannu, ta shigo gari, ya kafa tebur a ƙarƙashin wani bene a Nakkasa yana gyaran wayoyin da masu shago suka ce sun mutu. Ya riƙe shagon intanet na wani Bayamane shekara huɗu. Bayan haka ya shiga jan waya a otal-otal na Aziziyya, ya kutsa rufin otal sama da arba'in yana rarrafe da fitila a goshi, har ya zama duk otal ɗin da kwamfutocinsa suka ƙi magana da juna sai a ce a kira Batakaren nan, kamar yadda suke kiran irinmu. Duk wannan, ba shi da takarda ko ɗaya da za a rataya a bango.

Muhannad kuwa makaranta ya bi. Ya gama jami'a, ya yi shekara biyar a wani babban kamfani a Jidda, ya dawo da takardun shahada biyar a cikin gilashi da sunan Muhandis, wato injiniya. Ba na rage masa komai, yaro ne mai kai. Amma lokacin da kwamfutarsa ta mutu ana saura kwana uku ya miƙa aikin gama jami'a, ba wurin malamansa ya kai ta ba. Tudun Nakkasa ya hawo da ita wurin Yunus, yana haki.

Su biyun suka buɗe kamfani a Shisha, ɗaki biyu a saman mai gasa burodin tamis. Aikinsu ba ƙananan otal da asibitocin unguwa da makarantu shawara: wace na'ura za ku saya, yaya za a haɗa ta, ina za ku adana bayananku. Da sunan Muhannad aka yi rajista, shi ne ɗan ƙasa, Yunus kuma ma'aikaci, igamarsa a ƙarƙashin kamfanin. Sunan da ke kan allo ma na 'yar Muhannad ta fari ne. Ba zan faɗe shi ba, ba talla na zo yi musu ba. Yunus ma yana da 'ya, ba wanda ya tambaye shi sunanta. Ya haɗiye wannan, kamar yadda ya haɗiye teburin Muhannad da ke kusa da taga. Ni kaɗai na ga inda abin ya tsaya masa a maƙogwaro.

A shekara ta shida kasuwa ta juya musu baya. Wani ƙaton kamfani ya kwashe musu otal uku a wata ɗaya. Sai ga Ustaz Mish'al, mudir, wato manaja, na wani kamfanin hidimar alhazan da ke zuwa daga ƙasar Hausa, yana neman wanda zai tsara masa yadda za a riƙa sanin kowane alhaji ya shiga motarsa. Kowa a ɗakin nan ya san lissafin: in aka samu aikin, kamfani ya rayu. In aka rasa, bayan hajji a sauke allo. In kuwa aka sauke allo, igamar Yunus ba ta da inda za ta rataya.

Mish'al ya ce a kawo masa takardar tarihin kamfani, wane ne ku, me kuka yi a baya. Muhannad ya rubuta, ya kuma ɗora a shafinsu na intanet. Da hantsi Yunus ya karanta a wayarsa, loma tana hannunsa, ina zaune a gefe ina shan shayinsu kamar yadda na saba. Layi tara. Jami'a, Jidda, shahada ta ɗaya har ta biyar, hoton Muhannad da gutura, mayafin kan Larabawa, fara fes. Can ƙasa aka ce: tare da ƙwararrun ma'aikata.

Yunus ya mayar da lomar cikin kwanon waken ful.

"Muhandis," in ji shi. In ya kira shi Muhandis, to akwai magana. "Ni ina nake a nan?"

"Yaya, ai ga ka nan."

"Nuna mini da yatsa."

Muhannad ya leƙo. "Ga shi. Ƙwararrun ma'aikata."

"Au, ni ke nan. Ni da tsintsiya da na'urar sanyi."

"Haba Yaya, wallahi ba haka ba ne." Hausar Muhannad nauyi gare ta, in ya rikice sai Larabci ya riƙa zubo masa. "Ya'ani, mutanen nan shahada suke dubawa. Me zan rubuta? Loda motoci? Gyaran jawwal a ƙarƙashin bene? Dariya za su yi mana. Kuma kai ka san abin da aka rubuta a igamarka. Lebura aka rubuta."

Ba da mugunta ya faɗa ba, ni shaida ne. Amma wuƙa ba ta tambayar niyyar wanda ya riƙe ta. Yunus ya share hannunsa a takardar tamis, ya ce, "Halas. Gaskiyarka." Ya koma teburinsa na bayan ƙofa.

Tun daga ranar abin ya zauna masa a ciki kamar ƙaya. In ya shigo da safe, shahadodin nan biyar ne suke fara gaishe shi. Ya san wadda ta karkace, bai taɓa gyara ta ba. In Muhannad ya yi dariya a waya, sai ya ji kamar da shi ake. In ya koma gida ya buɗe shafin ya sake karantawa, ko layin ya ƙaru. Ya tuna ranar da yaron nan ya hawo tudu da kwamfuta a rungume yana kusan kuka. Ya tuna rufin otal ɗin da ya faɗo daga ciki ya karya haƙarƙari biyu, shi kuwa wancan yana Jidda yana shan sanyi. Shekara ashirin da bakwai na aiki, an dunƙule su cikin kalma biyu, kalmomin ma ba nasa shi kaɗai ba.

Bayan kwana huɗu Muhannad ya zana tsarinsa a farin allo. Kowane alhaji za a ba shi kati mai alama. A bakin kowace mota ma'aikaci zai haska katin da waya. Duk katin da aka haska, sunansa ya hau kwamfuta. In sunaye suka cika, motar ta koma kore a fuskar kwamfutar, direba ya tashi. Ba ihu, ba ƙirga, ba takarda. Abu ne mai kyau a ido, har ni sai da na gyaɗa kai kafin in tuna.

Yunus bai gyaɗa ba. Tun kafin Muhannad ya rufe alƙalami ya ga ramin. Wanda duk ya yi aiki da mutanenmu ya sani: Bahaushen ƙauye ba ya riƙe takarda mai muhimmanci a jikinsa a baƙon wuri. Shugaban ayari yake miƙa wa. Tsohuwa za ta ce, Malam, riƙe mini kar ta faɗi a ɗawafi. Kafin magariba duk katin ayarin yana cikin jaka ɗaya a wuyan mutum ɗaya. Na'urar Muhannad kati take ƙirgawa, ba ta san kai ba.

Muhannad ya juyo. "Yaya, akwai abin da na manta?"

Na ga bakin Yunus ya buɗe. Na ga ya rufe.

"Kai da shahada biyar?" in ji shi. "Lebura me ya sani?"

Muhannad ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da muka sauko bene na tare Yunus a bakin tanderun tamis, na ce, ɗan Mairama, in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ya ce, Kawu, ni ban gina komai ba, shiru kawai na yi. A ransa ya gama tsara abin. Gwaji ne kawai za a yi, ba ranar hajji ba. Za a rikice a bakin mota, lamba ta ƙi cika, Muhannad ya yi zufa a gaban Mish'al, sannan shi ya tako a hankali ya warware. Kunya kaɗan yake so yaron ya sha, kwatankwacin cokali ɗaya. Mako uku yana ɗauke da wannan a ciki, yana haɗa wayoyi, yana buga katuna, yana cin tamis a kwano ɗaya da ɗan'uwansa.

Ranar gwaji ta faɗo a cikin Zulƙida, lokacin da ake kai alhazan da suka iso da wuri ziyarar Arfa su ga wurin kafin ranar. Mota shida. Muhannad yana gaba a ƙaramar motar Mish'al, kwamfuta a cinya. Yunus aka sa a mota ta huɗu ya kula da wayoyi, ni kuma na shiga a matsayin tafinta, don har gobe ba su da kamata.

Shugaban ayarin mota ta huɗu wani dattijo ne, Malam Hassan, mai jar jaka a wuya. Da aka zo shiga, ya zuge jakar ya zaro katuna a ɗaure da roba kamar goro a huhu. Ma'aikacin bakin ƙofa ya ga sauƙi ya zo masa har gida. Ya karɓa, ya haska su ɗaya bayan ɗaya, mutane suna ta turuwa ta bayansa. Arba'in da bakwai. Kore.

Yunus ya bi ma'aikacin da kallo. Ya yi zaton abin zai rikice, sai ga shi ya tafi sumul. Wayarsa ta yi ƙara, saƙon Muhannad ne: duk shida kore, Ustaz Mish'al ya ji daɗi. Har da hoton babban yatsa. Yunus ya kife wayar a cinya. Wato har kuskuren yaron nan ma yabo yake jawo masa.

Muka isa Arfa, aka sauka a gindin Jabalur Rahma. Aka hau, aka yi addu'a, aka yi kuka, aka ɗauki hotuna. Wajen sha ɗaya rana ta fara sauka a ka kamar guduma. Aka busa, kowa ya nufi mota. Malam Hassan ya sake zaro ƙunshinsa, aka sake haskawa. Kore. Direba ya rufe ƙofa ya ja.

To akwai abin da na dasa wa Yunus tun yana saurayi, wanda ko shi ba ya iya cirewa. In ya shiga mota, sai ya ƙirga. Ina kallon leɓensa yana motsi daga kujerar gaba zuwa ta baya. Ya kai ƙarshe, ya dawo ya sake. Ni na riga shi gamawa, tun kafin a rufe ƙofa na san abin da ke ciki, amma na ce bari in ga ɗan Mairama.

Arba'in da shida.

Ya zauna. Muka wuce masallacin Namira bai ce uffan ba. In ya yi magana yanzu, gwaji ya rushe a gaban Mish'al, wataƙila aikin ya tafi, igamarsa ta bi shi. Kuma dole a tambaye shi yadda aka yi ya san ya ƙirga. In ya yi shiru, ƙila mutumin ya shiga wata motar, ƙila ba komai. Ƙila. 

Na sunkuya kunnensa. "Nawa ka samu?"

"Kawu, kai ma ka sani."

"Ni na sani. Rana ma ta sani. Ita ba ta jiran ka gama fushi."

Ya miƙe tsaye ya daki bayan kujerar direba da tafin hannu. "Tsaya! Wagif, wagif!" Ya juya ga jama'a. "Malam Hassan, mutanenka sun cika?"

Dattijon ya dafa jakarsa. "Sun cika mana, ɗana. Ga su nan duka."

"Ba katin nake tambaya ba, Malam. Mutanen."

"Ai wanda katinsa yake nan yana nan."

Yunus ya karɓi ƙunshin ya fara kiran suna da ƙarfi, duk wanda ya amsa ya miƙa masa nasa. Kati ɗaya ya rage a hannunsa. Sa'adatu. Hoton wata tsohuwa 'yar firit. Matar da ke zama kusa da ita ta dafe ƙirji, ta ce wallahi ta ɗauka ta bi motar 'yan garinsu.

Sai Yunus ya kira Muhannad. Ba zan ɓoye maka ba, shi ma bai ɓoye mini ba: a cikin tsoron nan duka, akwai wani lungu a zuciyarsa da ya ji daɗin danna lambar.

"Muhandis, mota ta huɗu ba ta cika ba."

"Yaya, kore ce a gabana."

"To ka gaya wa koren ya sauko ya nemo tsohuwar mutane. Kati arba'in da bakwai, kai arba'in da shida. Ka tsayar da sauran biyar ɗin ma, a ƙirga kai."

Muka juya. Kafin mu tsaya ƙaramar motar Mish'al ta iso da gudu. Muhannad ya fito fuskarsa kamar an yayyafa mata toka, ya nufi dutsen da gudu yana kiran ma'aikata su hau sama. Yunus ya riƙo hannun rigarsa.

"Ba ta sama. Mai shekara saba'in ba ta hawa dutse sau biyu."

"To wurin motoci?"

"Da tana wurin motoci da an gan ta. Tsoho in ya ɓace ba ya neman mota, inuwa yake nema. Kuma ba kowace inuwa ba."

Ya zaga ta bayan dutsen, inda itatuwan darbejiya suke a jere, muka bi shi. Ni da gwiwata ban bari sun tsere mini ba. A gindin ta bakwai ko ta takwas muka same ta, ta jingina da itacen, takalmanta a cinya, leɓenta ya bushe ya tsattsage, gorar ruwanta ba ko ɗigo. Yunus ya durƙusa, ya jiƙa hularsa ya ɗora mata a ka, ya riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan a murfin gora, ba ya bari ta kwankwaɗa. Sai da ta jima sannan ta buɗe ido sosai.

"Iya, me ya kawo ki nan?"

"Darbejiya na gani, ɗan nan," in ji ta. "Irin ta ƙofar gidanmu. Na ce bari in ɗan zauna. Ai na san ba za a tafi a bar ni ba, tun da takardata tana wurin Malam."

Likitan kamfanin ya duba ta, ya ce da an ƙara rabin awa da wani labarin ake yi. Da aka ƙirga sauran motocin, ta biyu ta ɗauko mutum uku da ba nata ba, ashe na ta shida ne. Duka kore.

Mish'al mutum ne mai ƙarancin magana. A nan gindin itacen ya nuna Yunus da carbinsa, ya tambayi Muhannad, "Wannan wane ne? Ban gan shi a takardar da ka ba ni ba."

Muhannad ya ce, "Ɗan'uwana ne. Shi ne... tare muke."

Mish'al ya juya ga Yunus. "Yaya za a gyara?"

Yunus bai yi ko tunani ba, ai mako uku amsar tana bakinsa. Ya ce kada mota ta zama kore sai an ƙirga kai an shigar da lambar, ta yi daidai da ta kati. A ɗaura katin a wuyan hannu da abin da ba ya kwancewa. Sannan, in ji shi, kada a raba shugaban ayari da jakarsa hannu wofi, girmansa ne, in ka ƙwace zai sa mutanensa su tsinke abin su kawo masa. A buga masa babbar takarda mai sunaye da hotuna, mai hatimi, ya rataya, shi zai riƙa kiran suna a bakin mota. Malam Hassan da ke gefe ya ce, to wannan magana ce.

"Kwana goma," in ji Mish'al. "A sake gwaji. Kuma a sake mini takardar nan, ina son in san da wa nake aiki."

Da la'asar muka koma ɗakin saman mai tamis. Muhannad ya ajiye kwamfutar a hankali, ya tsaya yana kallon zanensa a farin allo.

"Yaya," in ji shi, bai juyo ba. "Amsar nan da ka ba mudir, ba yau ka yi tunaninta ba."

Sai Muhannad ya juyo.

"Tun yaushe ka sani?"

Ƙarya tana nan kusa, da ya miƙa hannu zai ɗauka. Ya dube ni. Na dubi rufi.

"Tun ranar da ka zana."

"Na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

 Muhannad ya jawo kujera, ya buɗe shafin, ya ce, "Faɗa, in rubuta." Yunus ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Arfa, aikin hajji goma sha ɗaya. Teburin ƙarƙashin bene. Shagon intanet. Otal arba'in da uku. Muhannad ya rubuta duka bai canza kalma ba, har benen bai cire ba. Da ya gama ya juyo da kwamfutar.

"Ya yi, Ustaz Yunus?"

Gwaji na biyu ya tafi lafiya, sun samu aikin, allo yana nan a rataye, igama an sabunta. Amma daga ranar nan zuwa yau, shekara biyu ke nan, kalmar Yaya ba ta sake fita daga bakin Muhannad ba. Ustaz Yunus da safe, Ustaz Yunus da yamma, cikin ladabi kamar baƙo. Mai tamis ma yanzu kwano biyu yake haurowa da su. Yunus yakan buɗe shafin ya duba sunansa, yana nan da hotonsa. Kwanaki na kama shi leɓensa yana motsi. Na ce me kake ƙirgawa kuma? Ya ce, Kawu, nawa layi shida ne, nasa tara.

Ni kuwa ko rabin layi ban samu ba. Wa ya koya masa ƙirga kai? Wa ya nuna masa inda tsofaffi suke fakewa? Rediyon wa aka fara kwancewa? An rubuta Jidda, an rubuta bene, ba a rubuta Hamad ba. Ba komai, ni ba a gilashi ake rataye ni ba. Amma wanda ya ce ƙari na yi, ya zo Shisha, ya hau benen mai tamis, ya tambayi Yunus a gabana. In wannan bai ishe shi ba, ya cika mota da mutane, ya kawo na'urarsa, ya tsayar da ni a bakin ƙofa da idona ɗaya mai yanar nan, mu ga wanda zai riga faɗin wanda babu.